Yawon ƙafa a Bauchi da Gombe: yadda ake bin bakin ruwa, kwazazzabo da kurmi cikin sauƙi

Tafiyar ƙasa ba baƙuwa ba ce a Bauchi da Gombe. Manomi kan taka kilomita biyar kafin ya ga gonarsa, makiyayi kuwa ba a ma maganarsa. Abin da bai zama jiki ba shi ne mutum ya fita da ƙafa ba don gona ba, ba don kasuwa ko zumunci ba, sai don ya ga ƙasa ya kuma motsa jini. Ma'aikacin da ke wuni a kan kujera, ɗalibin jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko na jami'ar jiha da ke Gombe, mai shago a kasuwar Wunti, dattijon da likita ya ce masa ya riƙa tafiya saboda hawan jini, da su nake wannan magana.

A ƙasashen Turai hanyoyin irin wannan yawo suna da alluna, an shafa fenti a jikin itatuwa, an rubuta nisa da awannin da za a ci. A nan babu wannan. Allon hanyarmu mutum ne: mai unguwa, mafarauci, masunci, ma'aikacin gandun daji. Duk abin da ke tafe a kan wannan aka gina shi.

Tsayar da lokaci kafin ka zaɓi wuri

Turbar da yaro zai bi yana tsalle a watan Disamba, ita ce za ta kwantar da ƙato a watan Afrilu. Mafi daɗin lokaci shi ne daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu: ruwa ya ɗauke, rafuka sun ja baya, ciyawa ta fara kwanciya ana ganin inda ake sa ƙafa, safiya kuma da sanyinta. Aibin hunturu ƙura ce. Ranar da hazo ya sauko, ko ka hau dutse ba abin da za ka hango sai fari fat, mai asma kuwa gara ya zauna gida. A Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40 a ma'aunin Selsiyos, don haka in ba za ka gama kafin ƙarfe tara na safe ba, ka bar shi. Damina ta fi kowane lokaci kyau a ido, amma duwatsu na santsi, maciji ya fito, kuma kwazazzabo ba wurin shiga ba ne.

A cikin yini kuma, ka yi asuba ka kama hanya. Ƙafa ta fara taka turba da ƙarfe shida da rabi ko bakwai, a dawo kafin sha ɗaya. Fitar la'asar tana yiwuwa a wuri na kusa da gari, sai dai rana kan faɗi wajen ƙarfe shida a hunturu, kuma duhun daji ba ya jira.

Ina za a je

Teku dai ba mu da shi. Mai son iskar gishiri da rairayin bakin teku sai ya dangana da Legas. Abin da muke da shi bakin madatsun ruwa ne, kuma ga mai fara koyo babu kamarsu, domin ƙasa shimfiɗe take, ba a ɓata, ga mutane a kusa. Madatsar Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, tana kan kogin Gongola, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe, an kammala ta a 1984. Da safe za ka tarar da masunta na fitowa da kwalekwale, ga zalɓe da balbela a gefen ruwa, ga dutsen Bima tsaye a can. Bima na kallo ne tukuna, ba na sabon shiga ba. A Bauchi akwai madatsar Gubi a arewacin gari, a kudancin Gombe kuma akwai ta Balanga.

Abu biyu game da bakin ruwa. Na ɗaya, akwai dorina a ruwan Dadin Kowa, manoman yankin sun daɗe suna kuka da ɓarnar da take musu. Da dare take fitowa kiwo ta koma ruwa da sassafe, kuma wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa ya shiga uku. Ka tambayi masunta inda take fita, in ka ga faffaɗan sawu ya nufi ruwa ka kauce. Na biyu, kada zafi ya ja ka ka faɗa ruwan da ke kwance. Tsargiya daga nan ake ɗaukarta, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Jikin ginin madatsar kansa da wurin injinan lantarki kuwa suna da masu gadi, sai da izininsu ake matsawa, hoto ma a tambaya.

Kwazazzabo da kurmi, wurinsu Yankari. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karkata a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a yi tafiyar kimanin kilomita 40 a mota cikin daji kafin a kai sansanin Wikki. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma akwai giwa da ɓauna a ciki, saboda haka ba wurin da mutum zai ce bari in ɗan zaga ni kaɗai ba ne. Tafiyar ƙafa a Yankari gajeru ce, kuma tare da ma'aikaci ake yin ta. Mafi sauƙi ita ce saukowa ta matakala daga sansani zuwa maɓuɓɓugar Wikki, inda ruwa ke fitowa daga ƙarƙashin dutse garau, ɗuminsa maki 31 dare da rana, rani da damina, manyan itatuwa sun yi masa rumfa. Sai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari, da tsofaffin matoyan ƙarfe. Waɗannan mota ke kai ka kusa, ka sauka ka taka kaɗan. Akwai kwazazzabon Tonlong a yammacin dajin, amma zuwansa sai ma'aikata sun ce hanya ta buɗe kuma lafiya lau. Gwaggon biri na sansanin ya ƙware a fizge leda, gadu kuma na kiwo a tsakanin ɗakuna ba ruwansa da kowa. Kada ka riƙe abinci a fili, kada kuma ka ba su.

Wanda Yankari ta yi wa nisa ko tsada, akwai gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. A Gombe kuma akwai ɗan kurmin Kanawa, kafin a kai Dadin Kowa, wanda awa ɗaya ta isa a zaga shi a inuwa.

In ni za a tambaya, ga wanda ƙafarsa ta ɗan saba, babu kamar Tula a ƙaramar hukumar Kaltungo. Dalilina shi ne mota ce ke yin wahalar hawan. Kana isa sama sai ka tarar da garuruwa, Wange da Yiri da Baule, da turbobin da mutane ke bi kullum zuwa gona, da gonakin da aka jera wa duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya tafi da ƙasa, da tsohon gidan yarin zamanin Turawa. Ka yi tafiya kusan a miƙe, amma kwari na buɗewa a ƙarƙashinka ta kowane gefe. A ɓangaren Bauchi, duwatsun Dass da zanen dutse na Geji a ƙasar Toro suna ba da irin wannan daɗi, da sharaɗin da zan faɗa yanzu.

Sallama kafin shiga

Wannan matakin shi ne mutanen birni suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne nauyi. Babu dutsen da ba shi da masu shi. Kafin ranar tafiya ka sami wani ɗan yankin, abokin aiki ko ɗalibi ko direban tasha, ka tambaye shi halin da ake ciki a wannan makon, ba bara ba. A 'yan shekarun nan an sha jin labarin ɓata-gari a dazuzzukan Alkaleri da na Toro da Ningi, kuma lamarin kan sauya daga wata zuwa wata. In mutanen gari suka ce kada a bi ta can, magana ta ƙare.

Da kun isa, ku nufi ƙofar mai unguwa ko dagaci. Ku cire takalmi, ku durƙusa ku gaisa yadda ya kamata, babba a cikinku ya yi magana: "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga Gombe, mun zo ganin dutsen nan ne, muna neman izini da wanda zai raka mu." Goro ko ɗan abin goro ba ya ɓata komai. Amfanin wannan ya wuce ladabi. Garin da ya ga baƙi biyar da jakunkuna sun kutsa daji ba sallama, zai iya ɗaukarsu masu leƙen asiri ko masu neman ma'adinai, 'yan banga su tare su. In mai unguwa ya san da ku kuwa, kun zama baƙinsa.

Ɗan rakiyar da aka ba ku, ku daidaita da shi kan ladansa tun kafin a tashi, a gaban wanda ya haɗa ku. Ku gaya masa gaskiyar ƙarfinku. Mafarauci in ya ce "nan kusa ne", yana iya nufin tafiyar awa biyu, don haka kada ka tambaye shi nisa. Ce masa: "Baba, in mun tashi yanzu, za mu dawo kafin azahar da tafiyar mutanen birni?" Ka kuma tambaye shi wuraren da ba a taka. A ƙasar Tangale da Waja da Dass akwai duwatsu da kurame da maƙabartu da mutanen wurin ke girmamawa. Ko ba ka yarda da dalilin ba, ƙasarsu ce. Ranar Lahadi da safe mutane da yawa a waɗannan garuruwa na coci, samun ɗan rakiya kan yi wuya, Asabar ta fi.

Lissafin nisa

Akwai wani tsohon lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne a ƙasa mai sanyi. Mu nan, da zafi da yara da tsayawa ɗaukar hoto, ka lissafa kilomita 3 a awa. Fitar farko kada ta wuce kilomita 4 zuwa 6, zuwa da dawowa.

Sai ku yanke lokacin juyowa tun kuna gindin mota. In kun tashi ƙarfe bakwai kuna son dawowa ƙarfe goma, to takwas da rabi ta yi a juya, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. A nan ake samun gardama, domin kullum akwai mai cewa saura kaɗan. Shi ya sa ake yanke shi tun kowa na da hankalinsa.

Wanda ya shekara bai taka nisa ba, ya fara da mako biyu yana zaga unguwa minti talatin bayan asuba, da takalmin da zai je da shi. Mai ciwon suga ko na zuciya ya ji ta bakin likitansa tukuna.

Abin da za a ɗauka

Ruwa ne kan gaba: rabin lita ga kowane mutum a kowace awa, wato ledar fiya wata ɗaya, sannan a ƙara biyu na ko-ta-kwana. Gara a juye a gora, domin leda na fashewa a jaka, kuma ita ce ke zama shara a daji. Ka sa ƙunshin gishiri da suga na kemis guda biyu. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ana zuba ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Takalmi ya zama rufaffe mai gurzajjen ƙasa, kambas ɗin da ƙafa ta saba da shi, da safa mai kauri. Silifas da takalmin zuwa Juma'a su zauna a mota. Sabon takalmi kuwa bororo zai sa maka kafin ka yi kilomita biyu. Dogon wando ya fi gajere saboda ƙaya da ƙarangiya da kaska. A kurmin Yankari akwai tsando, kuma baƙin tufa da shuɗi ke jawo shi, don haka a sa mai ruwan ƙasa ko toka-toka. Mata su sa wando a ƙarƙashi, da hijabin da bai wuce gwiwa ba, domin mai jan ƙasa na kama ƙaya kuma yana rufe wa mutum inda zai taka a gangara. Malafa ta fi hular kwalliya. Sanda irin ta makiyaya tana rage wa gwiwa nauyi wajen sauka, da ita kuma ake taɓa ciyawa kafin a taka.

Guzuri ba sai an yi girki ba: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba, lemo. Kilishi na da daɗi amma yana jawo ƙishi. Sai filasta, bandeji, farasitamol, tocila, man kaɗanya don leɓe da dunduniya in hunturu ne, da leda ɗaya ta kwaso shara. Waya ta cika da caji, ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gida, domin sabis kan ɗauke a kwari. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma lambar mai unguwa da ta direbanku sun fi ta saurin amfani a ƙauye. Ka bar wa wani a gida sunan garin da za ku, da lokacin da zai fara nemanku in bai ji ku ba.

A kan turba

Kada ku gaza uku, kada kuma ku zama ayari. Ɗan rakiya a gaba, mafi rauni a bayansa, ƙaƙƙarfa ɗaya a ƙarshe. Saurin tafiya na mafi rauni ne. Ma'aunin shi ne ka iya hira kana tafiya, in numfashi ya hana ka ƙarasa magana to ka yi sauri. Ku huta minti biyar a kowane rabin awa, a inuwa, a kurɓi ruwa ko ba a ji ƙishi ba. A duk mararraba ka waiwaya ka kalli hanyar ta baya, ka riƙe wata alama, kuka ko tsamiya ko suri, domin turba kan sauya kama in an juyo.

Wajen hawa a taƙaita taku. Wajen sauka, inda aka fi yin targaɗe, a karkata jiki gefe, a bar tazara tsakanin mutum da mutum saboda dutsen da ka iya gangarowa. Kada a ratsa gona ko da an girbe, a bi gefe. In kun haɗu da garke ku tsaya ku gaisa da makiyayi, ku bar shanu su wuce, karnukansu ba sa son mai gudu. Mai shan sigari ya haƙura har a dawo, busasshiyar ciyawar Disamba ba ta buƙatar fiye da guntu ɗaya.

Kwazazzabo na da dokarsa. Ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya iso ka a cikinsa alhali samanka garau take. In ka ga hadari ko ta wace kusurwa, ko ka ji ruri daga sama, ko ruwan da ke gudana ya fara yin ja yana ɗauko karmami, kada ka bi kwarin da gudu, ka haye gefe. Kada kuma ka tsaya a leɓen gaɓa don hoto. Mutanen Gombe sun san yadda zaizayar ƙasa ke cin gaɓa ta ƙasa ta bar sama kamar lafiya, har ta rufta da gida.

In wani ya fara jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da suga kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya rikice, tafiya ta ƙare, asibiti za a nufa.

Maciji

Ba a banza asibitin masu saran maciji yake a Kaltungo ba. Duwatsun kudancin Gombe gidan kububuwa ne, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ƙaramar macijiya mai launin ƙasa da ke kwanciya a ƙarƙashin duwatsu da tarin karmami. Dafinta hana jini daskarewa yake, kuma mutum na iya ganin kamar ba komai a farko, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko ta fitsari. Saran ya fi yawa a lokacin noma da girbi. Rigakafin mai sauƙi ne: rufaffen takalmi, bin tsakiyar turba, duba dutse kafin a zauna, kuma kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse.

In ƙaddara ta faɗa, a janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi. A ɗora wa ƙafar ko hannun sanda a naɗe sako-sako don kada ya motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, ba a tsayawa neman baƙin dutse ko jiƙo. Tsaga a jikin wanda jininsa ba ya daskarewa ƙarin masifa ce. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. A riƙe lokacin da abin ya faru, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi, ko da mutumin ya ce ya ji sauƙi. Shi ya sa yake da kyau mota ko babur su kasance a wurin da aka sani, direba kuma wayarsa a kunne.

Bayan an sauko

Ku koma ku yi wa mai unguwa sallama, ku biya ɗan rakiya abin da aka yi alkawari, ku karɓi lambarsa. Ku sayi wani abu a garin, ko rake ne ko ƙosai, domin garin da ya ga amfanin baƙi zai karɓi na bayanku. Sharar da kuka tara ta bi ku gida. Da dare a duba jiki, musamman na yara, a bayan gwiwa da hammata da cikin gashi, ko kaska ta maƙale. In zazzaɓi ya zo a makonnin da suka biyo baya, a gaya wa likita an shiga daji ko an taɓa ruwan madatsa.

Kafin ka kwanta, rubuta a waya abin da ka gani da idonka: inda aka ajiye mota, ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka dawo, ruwa nawa aka sha, inda sabis ya ɗauke, da wurin da ɗan rakiya ya ce ba a bi. Fita ta gaba ka ƙara kilomita ɗaya ko biyu kawai, ko ka koma wuri ɗaya a wani wata daban. Wanda ya ga Tula a Disamba ya koma a ƙarshen Oktoba, lokacin da dawa ke tsaye a gonakin dutse, sai dai a wannan karon da dogon takalmi da sanda a hannu.